Kafin a Ƙara Kuɗin Ruwa, a Buɗe Mana Littafin Lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan sam mini fili a shafin wasiƙu in faɗi albarkacin bakina a kan kuɗin ruwa. Kada malamanmu su zabura, ba na banki nake nufi ba, na famfo nake nufi. Ko da yake Bahaushen da ya raɗa musu suna ɗaya bai yi ƙarya ba, don duk magidancin da ke sayen ruwa a jarka ya san yadda abin ke cin mutum a hankali kamar bashi mai haihuwa.

Ni mai gyaran famfo ne. Na fara riƙe wa maigidana sifana da zarto tun ina ɗan shekara goma sha huɗu, na yi shekara arba'in da ɗoriya ina shiga rami ina fita, har gwiwa ta ce ta gaji. Yanzu yara ne ke aikin, ni kuma ina zaune ina riƙe da littafin kwamitin rijiyar burtsatse ta masallacin unguwarmu. Wannan littafin ne ya sa na ɗauki biro. Duk lokacin da aka tayar da maganar ƙarin kuɗin ruwa a rediyo, sai ka ji masu bugo waya sun rabu gida biyu. Wasu su ce ruwa na Allah ne, gwamnati ta ba da shi kyauta. Wasu su ce a ƙara kawai, ai ko wutar lantarki an ƙara. Ban taɓa jin wanda ya tambayi yadda aka yi lissafin ba. Ni kuwa na taɓa zama a kan tabarma ina yanka wa maƙwabtana farashin ruwa, na sha zagi a kai, don haka ina da abin faɗa.

Wani bawan Allah ne ya haƙa mana rijiyar a 2017, sadaka ga mahaifiyarsa. Ya sa sumo, wato injin da ake zurawa cikin rijiya ya turo ruwa sama, ya ɗora tanki biyu masu cin lita dubu biyar-biyar, ya ba mu ƙaramin janareta, ya yi tafiyarsa. Muka ce alhamdulillahi, kowa ya ɗiba kyauta. Man janareta kuwa a masallaci ake haɗa kuɗinsa bayan Magariba, yau a samu, gobe a rasa. Yara suka mayar da wurin filin wasa, a buɗe famfo a bar shi yana zuba har kwata ta cika. 'Yan garuwa daga unguwanni uku suka dawo wajenmu, su cika kura kyauta su je su sayar. Da wata goma sha huɗu ya cika, sumo ya ƙone. Laifina yana ciki, don na ga alamar yana jan iska idan bazara ta yi tsanani, na yi shiru saboda na san ko na faɗa babu ko sisi a asusu. Rijiyar ta yi wata biyar a bushe. A wata biyar ɗin nan, kuɗin da unguwar ta zuba wa 'yan garuwa ya isa sayen sumo da yawa, amma da yake ɗari-ɗari yake fita daga aljihu daban-daban, ba wanda ya ji nauyinsa a dunƙule.

Ranar da muka zauna bayan Isha'i don a sa farashi, wani dattijo, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya miƙe ya ce shi ba zai sa hannu a sayar da ruwan sadaka ba. Ya kawo hadisin da ya ce mutane suna tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Liman ya bar shi ya gama, sannan ya ce hadisin gaskiya ne, amma malamai sun bambanta ruwan da ke kwance a kogi ko tafki da wanda mutum ya sha wahala ya ɗebo ya zuba a mazubinsa. Ya kuma tuna mana rijiyar Ruma a Madina. Musulmi sun sha ruwanta kyauta, amma sai da Sayyidina Usman ya ciro dukiyarsa ya saye ta tukuna. Ya ce mana, "To a nan wane ne Usman ɗinmu? In akwai shi ya ɗaga hannu, in babu mu yi lissafi." Ba wanda ya ɗaga hannu, sai muka yi lissafi.

Ga yadda lissafin yake a yau, kamar yadda yake rubuce a littafina. Tankunan biyu suna ɗaukar lita 10,000, wato jarka 400 mai cin lita 25. Cika su yana cin man kusan naira 5,000. Yaron da ke kula da famfo muna ba shi 1,500 a rana. Muna ajiye wata 1,500 a asusun gyara, ba a taɓa ta ko da biki ko da mutuwa. Jimla 8,000 ke nan. Da a ce duk jarka 400 ɗin ana sayar da su, da naira 20 ta isa. Amma kusan jarka 80 suna tafiya a alwala, da abin da ke zubewa, da gidaje bakwai na marayu da zawarawa da muka yafe musu. Saura 320. In ka raba 8,000 gida 320, naira 25 za ta fito. A nan farashinmu ya tsaya. Da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, mun sake zama, kuma mun sake zama bayan nan. Kowane zama sai an yi hayaniya, amma ba a taɓa cewa wani ya ci kuɗi ba, saboda littafin yana kan tagar masallaci, duk mai shakka ya buɗe ya duba.

To Malam Edita, in mu da ba mu yi boko mai zurfi ba za mu iya wannan, me zai hana masu kula da ruwan birni guda? Na san nasu ya fi namu girma da rikitarwa. Ruwan da ke zuwa famfo a Kano daga kogi ake jawo shi, a Challawa da Tamburawa, wanda madatsun Tiga da Challawa Goje ke saki. Sai an zuba masa alam laka ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, a sa masa kulorin, sannan manyan injina su tura shi kilomitoci zuwa tankuna irin na kan Goron Dutse. Injinan nan wuta suke ci, in babu wuta dizal. Sabuwar matatar Tamburawa kaɗai an gina ta ne don ta tace lita miliyan 150 a rana. Duk wanda ya taɓa ciyar da ƙaramin janareta zai iya ƙiyasta abin da irin wannan wuri ke haɗiya. Kuma ba yau aka fara biya ba. Ruwan famfo na farko da ya shigo Kano a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ce ta yi aikinsa, kuɗin En'e kuwa harajin kakanninmu ne. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Bako ma da dukiyar jama'a aka gina ta. Don haka masu cewa ruwa ya zama kyauta, ina girmama su, amma na ga ƙarshen kyauta da idona a ƙofar masallacinmu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Inda na rabu da masu cewa "a ƙara kawai" shi ne, a ƙara a kan me? A yawancin garuruwanmu na Arewa gidaje ba su da mita. Ana duban gida ne a yanka masa kuɗi na wata-wata, wannan bene ne, wannan gidan ƙasa ne, wannan shago ne. Na yi aiki a gidan da ke da lambu da motoci huɗu da ake wankewa kowace safiya, da tankin ƙasa mai girman ɗaki. Na yi aiki a gidan tsohuwa da jikokinta biyu da famfo ɗaya tak a tsakar gida. Bambancin abin da suke biya bai kai ko kusa da bambancin abin da suke sha ba. Ga kuma wata ta'asa da mu masu gyara muka fi kowa sani, don mu ake kira mu haɗa, kuma ban wanke kaina ba. Mai hali yana sa injin zuƙo a kan bututun da ya shigo gidansa, da zarar an sako ruwa ya kunna, ya janye na layin gaba ɗaya. Na ƙarshen layi sai ya ji famfonsa yana huci kamar maciji. Ƙarshen wata kuma a kawo musu takarda iri ɗaya. In aka ninka kuɗi a kan wannan tsari, an ninka zaluncin ne.

Sai kuma waɗanda ba a ma lissafa su a maganar, alhali su ne suka fi kowa biya. Ina nufin mutanen unguwannin da bututu bai taɓa isa ba, da waɗanda bututunsu ya bushe tun 'ya'yansu na goye. Masu ruwa suna auna shi da abin da suke kira kubik mita, wato lita 1,000, jarka 40 ke nan. A layinmu mai garuwa yana kawo jarka ƙofar gida a kan naira 100 da damina, in bazara ta kama ta kai 150, wani lokaci ta wuce. A kan naira 100 ɗin ma, kubik mita guda ta tashi naira 4,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Ɗauki gida mai mutum goma, ka ba kowa lita 50 ɗin ƙasa. Jarka 20 ke nan kullum, naira 2,000 a rana, 60,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ka ga ke nan ba mai iyawa. Abin da ake yi shi ne a sayi jarka shida, a yi wa yara wanka da ruwan da ba zai cika buta uku ba, ruwan wanki a wanke tsakar gida da shi, a kai ragowar bayi. Jarka shidan nan ma naira 18,000 ce a wata, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na albashin. Masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa cewa suka yi bai kamata ruwa ya ci fiye da kashi 3 cikin 100 na abin da gida ke samu ba. A kan albashin 70,000, naira 2,100 ke nan a wata. Ban sa kuɗin fiya wata a ciki ba.

Kada wani ya ɗauka 'yan garuwa nake zargi. Ni nake sayar musu a kan 25, na san abin da suke sha. Mutum ya tura kura mai jarka goma sha biyu, nauyin kilo 300, cikin rairayi da tsakar rana a watan Afrilu, ya biya hayar kura, ya ci abinci, ya aika wa iyali a ƙauye. Da ƙuruciyata garwa biyu suke rataya a sanda su saɓa a kafaɗa, har kafaɗar ta yi kanta. Ba su suka jawo tsadar ba. Ruwan da aka ɗauko da ƙarfin ɗan Adam dole ya fi wanda ya biyo bututu tsada, shi ke nan. Abin da nake so a gane shi ne, idan gwamnati ta bar kuɗin famfo a ƙasa don tausayin talaka, wanda ke da famfo mai zuba ne ya ci tausayin, shi kuwa galibi ba talakan ba ne. Talakan yana can yana biyan 4,000.

Shi ya sa nake cewa a sa mita. Na san za a ce mini tsada, kuma gaskiya ne. A fara da manya: otal-otal, masana'antu, wuraren wankin mota, masu buga bulo, masu ƙulla ruwan leda, manyan gidaje, da ma'aikatun gwamnati, waɗanda ya kamata su riga kowa biya don a gani a yi koyi. Amma ina da gargaɗi biyu irin na wanda ya kwance mita da hannunsa. Mita ba ta bambanta ruwa da iska. A inda ake sako ruwa sau biyu a mako, bututu yana cika da iska, in aka sako sai iskar ta riga ruwan isowa, ta juya mitar da gudu, mai gida ya biya kuɗin iska. Akwai bawul da ake sawa a tudun layi don ya fitar da ita, ba wani abin kuɗi ba ne, amma sai an tuna da shi. Na biyu, ruwan da ke ɗauke da yashi yana toshe mita cikin 'yan watanni. In ba a tanadi masu dubawa da canzawa ba, bayan shekara biyu za a koma yankan kuɗi da ka, ga kuma bashin mitoci a wuya.

Ɗan ƙanwata yana zaune a Maraɗi. Da na je suna a gidansa ya nuna mini takardar ruwansa. An rubuta lambar da mita ta nuna a watan jiya, da ta wannan wata, da bambancinsu. Kubik mita goma na farko a farashi mai sauƙi, abin da ya haura nan kuɗinsa ya ƙaru, in ya sake haurawa ya sake ƙaruwa. Ban ce Nijar ta gama da matsalar ruwa ba, su ma suna da unguwannin da ake kwana a layin famfo, kuma ko kamfanin da ke raba musu ruwan ya canja hannu, daga mai hannun jarin Faransawa da ya riƙe tun 2001 ya koma na gwamnati a farkon 2024. Amma mutumin ya san abin da ya sha, ya san abin da zai biya. A Afirka ta Kudu ma tun 2001 suka tsara cewa gidan talaka zai samu lita 6,000 a wata ba tare da biya ba, abin da ya ɗora a kai ya biya. Wannan shi ne irin abin da muka yi wa gidaje bakwai ɗinmu, sai dai su sun rubuta shi a tsarin ƙasa.

Sai dai in za a kwaikwayo wannan tsari na hawa-hawa, a dubi yadda muke zama. Wanda ya ƙirƙiro shi yana tunanin gida mai miji da mata da 'ya'ya uku. Mu kuwa a cikin Birni akwai gidan gado mai sassa shida, mutum arba'in, famfo ɗaya. Akwai gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, kowane ɗaki da iyali. Irin wannan gida zai cinye kubik mita goman nan cikin kwana biyar, sauran watan duk a farashin masu lambu za a caje shi. Wato tsarin da aka yi don talaka sai ya koma ya danne wanda ya fi kowa talauci. Maganinsa a ƙirga iyalan da ke kan mita ɗaya, a ninka musu rahusar gwargwadon yawansu. Masu unguwanni sun san kowane gida, ba sai an ɗauko baƙi da kwamfuta ba. Unguwannin da bututu bai shiga lungunansu ba kuma, a kafa famfon kan titi da mai kula da shi, a rubuta farashin jarka da fenti a jikin bango. In mai garuwa ya samu kusa kuma da araha, shi ma zai sauko.

Game da bil kuwa, ka'idar da muke bi a masallaci ita ce ba jarka, ba kuɗi. Ranar da janareta ya lalace ba ma bin kowa bashi. Ban ga dalilin da zai sa a kai wa gida takarda a watan da ko ɗigo bai gani ba. Ko masu wutar lantarki, da duk kukan da muke yi da su, lokacin da aka kai farashin rukunin Band A naira 225 a watan Afrilu na 2024, an ɗaure shi da alkawarin awa 20 a rana, aka kuma ce layin da bai samu ba a sauko da shi rukunin ƙasa. Ko ana cikawa ko ba a cikawa, wannan wata magana ce, amma dai akwai abin da mutum zai riƙe ya yi ƙorafi da shi. A yi wa ruwa haka. A ce unguwa kaza kwana kaza a mako, daga ƙarfe kaza zuwa kaza. In an cika a biya, in an gaza a rage.

Wa zai tsaya a tsakani? Mai sayarwa ba ya zama alƙalin farashinsa, ɗan siyasa kuma ba zai taɓa yarda a ƙara ko kwabo ba in zaɓe ya matso, sai a bar farashi shekara da shekaru a wuri ɗaya har injina su mutu, sannan rana ɗaya a ninka shi a ce dole ce. Legas da Kaduna sun kafa hukumomi na daban masu sa ido kan harkar ruwa. Ban je na ga yadda suke aiki ba, amma tunanin daidai ne. Abin da zan ƙara shi ne a riƙa zama a bainar jama'a sau ɗaya a shekara, da Hausa, a sa a rediyo. A faɗi lita nawa aka tace, nawa aka kashe a wuta da dizal da alam da albashi, nawa aka tara, su wa ake bi bashi mai nauyi. A kuma faɗi nawa ne ya zube a hanya, don wannan shi ne babban ramin. Akwai tsofaffin bututun asbestos da na ƙarfe a ƙarƙashin titunanmu da suka girmi yawancin masu karanta wannan jarida. Na sha ganin inda ruwa ke ɓulɓula a gefen titi har ciyawa ta fito, har masu wankin babur sun kafa sana'a a wurin. Ruwan nan an biya masa wuta, an biya masa magani. In za a ɗora kuɗinsa a kan masu biya, to aƙalla a gaya musu, a kuma gaya musu nawa za a rage baɗi. A cikin mahalarta zaman a sa mata, don su ke sanin jarka nawa ke kai gida Magariba. A sa wakilin 'yan garuwa.

Saura maganar da ba a son yi a gaban manya, wato inda ruwan ke zuwa bayan mun gama da shi. A Ingila da Amurka, inda bututun ƙazanta ya ratsa ƙarƙashin gari, da abin da mitar ruwan sha ta nuna ake lissafa kuɗin kwashe ƙazanta, tunda abin da ya shiga gida yawancinsa zai fito. A ƙasar nan tsakiyar Abuja ce ke da irin wannan, inda ake tura shi matatar Wupa. Mu sauran masai ne da sokawe da kwata. Don haka in wani ya zo da shawarar a liƙa "kuɗin magudana" a jikin bil ɗin ruwa, a tambaye shi wace magudanar. Muna biya tun tuni, ga mai motar zuƙe shadda, ga masu yasa da hannu cikin dare, waɗanda ba safar hannu ba takalmi, ba kuma wanda ke tambayarsu inda suke juyewa. Ruwan kwatocin Birni kuwa Jakara yake gangarawa, kowa ya san warinta, kuma kowa ya san ana noman rani da shi a gaba. A matsayina na mai gyara, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙananan bututun roba da ke bi ta cikin kwata kafin su shiga gidaje. Muddin akwai ruwa da ƙarfi a ciki, ƙazanta ba ta shiga. Da zarar an ɗauke, bututun yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta duk inda ya tsage. Shi ya sa ruwan farko yake zuwa da launi da wari, shi ya sa amai da gudawa ba ya rabuwa da mu da damina. Sannan ga burtsatse da kowa ke haƙawa taku kaɗan daga sokawen maƙwabcinsa.

Gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta a watan Nuwamba na 2018, maƙwabtanmu na Jigawa kuma a 2022 aka shaide su a matsayin jihar farko da ta rabu da bahaya a fili. To masan da aka gina za su cika, dole a kwashe. In aka ce mini za a ɗora wani abu kaɗan a kan kowace kubik mita, a ware shi a asusu na daban, a gina wurin da motocin shadda za su riƙa juyewa a tace, a yi wa masu yasa rajista da kayan aiki, a ɗage bututu daga cikin kwata, zan biya, kuma zan bi gida-gida in lallashi maƙwabtana. Sharaɗina a nuna mini filin da za a yi aikin, da ranar farawa, da lambar asusun.

Malam Edita, na yi tsawo, ka yafe wa tsoho. In akwai wani jami'i da ya karanta wannan yana ganin abin da nake nema ya yi yawa, ina gayyatarsa ya zo ya ga namu littafin, mai bangon kwali ne, na naira ɗari biyar. Ranar Juma'a mai zuwa bayan Isha'i muna da zama, don sumo ya fara wata ƙara da ba na so, kuma wani matashi ya kawo shawarar mu ci bashi mu koma sola. Na lissafa, in muka ƙara naira biyar a jarka za mu biya cikin shekara biyu da 'yan watanni. Dattijon nan na farko ya riga ya aiko mini cewa bai yarda ba, kuma zai zo da jikansa mai karatun akanta ya duba lissafina.

Wassalam.

Naka,
Tsohon mai gyaran famfo,
daga Kano.